Firam Ɗin Hoto Na Lantarki: Daga Zaɓe Har Zuwa Jera Hotunan Iyali

Yawancinmu muna yawo da dubban hotuna a waya, amma in aka ce yaushe rabonka da buɗe waɗanda ka ɗauka shekara uku baya, sai ka tsaya tunani. Suna nan dai, ba su ɓata ba, amma ba mai ganinsu. Firam ɗin lantarki an yi shi ne domin wannan matsalar. Ɗan allo ne mai kama da na tabilet, an sa masa baki na katako ko na roba, ana jingine shi a kan tebur ko a rataye a bango, yana nuna hotuna ɗaya bayan ɗaya ba tare da kowa ya taɓa shi ba. Kunna shi bai kai aikin minti ashirin ba. Inda aikin yake shi ne tace abin da zai hau kansa, kuma a nan ne akasarin mutane ke yin sakaci, sai bayan wata biyu a ga firam ɗin a kashe ƙura ta rufe shi.

Zaɓen firam

Kafin ka dubi girma ko kyau, amsa tambaya ɗaya: ta ina hotunan za su riƙa shiga? Firam iri biyu ne. Akwai wanda ba ruwansa da intanet, katin memori ko filash kawai ake soka masa. Akwai kuma mai Wi-Fi, wanda ake tura wa hoto daga waya ko da mai turawar yana wata ƙasa. In gidan da za a ajiye shi ba shi da intanet mai tsayawa, na farkon ya fi, ko kuma mai Wi-Fi da ke da ma'ajiya a cikinsa da ramin kati, domin ya ci gaba da nuna abin da ya riga ya karɓa ko sadarwa ta yanke. A kula da wannan sosai, don firam ɗin Aura, misali, ba su da ramin kati, da intanet suka dogara. Waɗanda ke aiki da manhajar Frameo kuwa, kuma kamfanoni da yawa ne ke ƙera su, suna ajiye hotunan ne a cikin firam ɗin kansa. Skylight da Pix-Star suna ba firam ɗin adireshin imel nasa, duk wanda ya aika hoto can zai bayyana a allo. Wasu kamfanonin suna ɓoye wasu ayyuka sai an biya kuɗin wata ko na shekara, saboda haka karanta abin da ke kyauta da abin da ba kyauta ba tun kafin ka saya.

Girman allo da inci ake auna shi, daga kusurwa zuwa kusurwa. Inci 7 ko 8 ya dace da teburin aiki ko gefen gado. Inci 10 shi ne aka fi samu, kuma ya wadatar a kan kanta ko teburin falo. Wanda za a rataye a bango a riƙa hangowa daga nesa, gara ya kai inci 15. Sai yawan fiksel, wato ƙananan ɗigon da ke haɗa hoto: a allo mai inci 10 kada ka yarda da ƙasa da 1280 × 800, a mai inci 15 kuma nemi 1920 × 1080. Masu 800 × 480 fuska kan fito a dusashe, musamman hoton taro inda kawuna suke ƙanana. Nemi kuma allo nau'in IPS, domin shi ne launinsa ba ya juyewa in an kalle shi daga gefe. Ba wanda ke zama daidai gaban firam kamar mai kallon talabijin. A wuce ake ganinsa, daga ƙofa, daga kujerar gefe.

Abin da ake yawan mantawa shi ne siffar allon. Kyamarar waya, in ba a sauya mata saiti ba, tana ɗaukar hoto ne a ma'aunin 4:3, wato faɗi kashi huɗu, tsayi kashi uku. Manyan kyamarori kuma 3:2. Idan allon firam ɗinka dogo ne irin na talabijin, wato 16:9, kuma ka ce hoton waya ya cika shi, kashi ɗaya cikin huɗu na tsayin hoton zai tafi, daga sama da ƙasa. A nan ne kan mutum ke yankewa. A allo mai 16:10 asarar ta ragu zuwa ɗaya cikin shida, a mai 4:3 kuwa babu asara ko kaɗan. Ni dai in an ba ni zaɓi, mai 4:3 zan ɗauka.

In akwai tsohuwar tabilet a gida, ita ma tana iya wannan aikin da manhajar nuna hotuna irin Fotoo, haka ma na'urorin gida masu allo irin Google Nest Hub da Amazon Echo Show. Sai dai tabilet tana da batir, kuma batirin da ya dawwama a jone wata da watanni yana iya kumbura, don haka a riƙa duba ta.

Tace hotuna

Kada ka juye wa firam duk abin da ke wayarka. A cikin kowace waya akwai hoton rasit, hoton takardar asibiti, katin shaida, abubuwan da aka turo a guruf, da kuma hoto goma na abu guda da aka ɗauka a jere don neman wanda ya fi kyau. In duk suka hau, masu kyan za su nutse, mutanen gida kuma su daina ɗaga kai su kalla.

Buɗe sabon kundi a waya ko folda a kwamfuta, ka sa masa suna. Fara da hoto 150 zuwa 300. Yi lissafin da kanka ka gani: hoto 300, kowanne yana tsayawa minti ɗaya, awa biyar ke nan kafin a zagayo na farko. Wanda ya zuba 5,000 kuwa, sai an yi sama da awa 83 ana nunawa kafin hoto ɗaya ya sake dawowa, wato kusan mako guda in firam ɗin na aiki awa 12 a rana. Hoton da ake ƙauna ana so a riƙa cin karo da shi a kai a kai.

Wajen zaɓe, cikin hotuna masu kama da juna ɗauki ɗaya tak. Fifita waɗanda fuska ta fito babba, domin ƙaramin allo ba ya yi wa hoton da aka ɗauko daga nesa adalci. Kada kuma ka tsaya ga waɗanda aka shirya aka jeru ana kallon kyamara. Yaro yana barci a kafaɗar kakansa, 'yan'uwa suna dariya ba su san ana ɗaukarsu ba, ranar da jariri ya fara tsayuwa yana dafe da kujera: irin waɗannan ne ke tsayar da mai wucewa. Gauraya shekaru, tsoho da sabo. Sannan ka ƙirga, ko da a kai ne, ka ga ko kowa ya samu shiga. Yara suna lura ƙwarai in ƙaninsu ya fito sau ashirin su sau biyu, kuma sau da yawa mai ɗaukar hoton gidan shi ne ba ya cikin ko ɗaya. Nemi nasa a wayoyin sauran.

Akwai maganar izini, wadda nake ganin ta fi duk wani saiti muhimmanci. Hoton da ke waya mai shi kaɗai ke gani. Wanda ke firam a falo kuwa duk baƙon da ya shigo zai gani, har mai gyaran wuta. Tambayi manyan da ke cikin hotunan ko sun yarda. Wanda aka ɗauka cikin kayan shan iska, ko a gadon jinya, ko yaro yana wanka, a bar shi a waya. Hoton wanda ya rasu kuma sai an yi shawara da waɗanda rashin ya fi taɓawa. Wani ganin fuskar kullum yana sanyaya masa rai, wani kuwa in ta bayyana masa ba shiri sai ta fama masa ciwo. Kada ka yanke wa kowa hukunci a kan wannan. In ra'ayi ya bambanta, a ware wa waɗannan hotunan kundinsu daban, a riƙa kunna shi lokacin da aka so.

Tsofaffin hotunan takarda

Waɗannan su ne suka fi ba firam daraja, don galibi kwafi ɗaya ne a duk dangi, yana cikin akwati yana dusashewa. In kana da sikana, goge gilashinta, ka sa ta a 300 dpi, wato ɗigo 300 a kowane inci, ga hoto mai girman inci 4 × 6. Zai ba ka fiksel 1200 × 1800, wanda ya ishi firam mai inci 10 har da saura. Ƙananan hotuna irin na fasfo kuwa a sa 600. In babu sikana, waya ma ta isa: shimfiɗa hoton kusa da taga da rana, inda haske ke shigowa amma rana ba ta dukansa kai tsaye, kashe fitilar kyamara, riƙe wayar daidai saman hoton kada ta karkata, sannan ka yanke gefuna. Manhajar PhotoScan ta Google tana ɗaukar hoton daga kusurwoyi da yawa ta haɗa su don kawar da ƙyalli, tana da amfani ga hoto mai sheƙi ko wanda ya manne a gilashi. Wanda ya manne, kada a ɓamɓare shi. Fuskar hoton ce za ta biyo gilashin.

Tun da sauran dattawan da suka san mutanen ciki, zauna da su a rubuta sunaye da shekara. Manhajoji da yawa suna barin a sa ɗan rubutu a ƙarƙashin hoto.

Gyara fayil kafin a zuba

Kusan kowane firam yana karanta tsarin fayil ɗin hoto na JPEG, da yawa kuma suna karanta PNG. Matsalar da aka fi samu daga iPhone take: tun 2017 wayoyin Apple suke ajiye hoto a tsarin HEIC, wanda firam masu kati da dama ba su san shi ba. In ta manhaja kake turawa, galibi ita za ta juya shi da kanta. In ta kati ne, sai ka juya su zuwa JPEG a kwamfuta tukuna, ko ka shiga saitin kyamarar wayar, sashen tsarin fayil, ka zaɓi wanda ya fi dacewa da sauran na'urori domin hotunan gaba.

Hotunan da 'yan'uwa za su turo maka ta WhatsApp, ka roƙe su su turo a matsayin fayil, ko aƙalla su danna alamar HD, domin turawar da aka saba tana matse hoto ta rage masa kyau. Wanda aka yi ta turawa daga waya zuwa waya kuma, nemi asalinsa wurin wanda ya ɗauka.

Hoton waya mai megafiksel 12 yana da fiksel 4032 × 3024, alhali allo mai 1280 × 800 bai wuce megafiksel ɗaya da 'yan kai ba. Ƙananan firam kan yi nauyi wajen buɗe manyan fayiloli. In ka ga naka yana jinkiri tsakanin hoto da hoto, rage girmansu zuwa kamar fiksel 2000 a dogon gefe. Amma kwafi za ka rage, asalin ka bar shi yadda yake. Duba kuma tsayuwar hotunan. Waya tana rubuta wa kowane hoto wata ɓoyayyar alama da ke cewa ga samansa, wasu firam kuma ba sa karanta ta, sai hoton ya fito a kwance. Maganinsa ka buɗe shi a manhajar gyaran hoto, ka juya shi daidai, ka sake ajiyewa.

Yanke shawara tun yanzu: a tsaye firam ɗin zai zauna ko a kwance? Dubi kundin da ka tara. In mafi yawa a tsaye aka ɗauke su, kamar yadda aka saba da waya, tsayar da shi. Wasu firam suna jera hotuna biyu na tsaye gefe da gefe in suna kwance, wannan ma mafita ce mai kyau.

Kunnawa da zubawa

Yi amfani da cajar da ta zo da shi. Wasu firam volt 5 suke sha, wasu 12, kuma bakin cajojin kan yi kama. Soka wadda ba tasa ba na iya ƙona shi. Da ya kunnu zai nemi harshe, yankin lokaci da kwanan wata. Kada ka tsallake lokaci, da shi agogon barcinsa zai yi aiki.

In mai kati ne, sayi katin da bai wuce GB 32 ba. Irin waɗannan a tsarin FAT32 suke zuwa, wanda kusan kowane firam ke ganewa. Daga GB 64 zuwa sama exFAT ne, tsofaffin firam kuma ba sa karanta shi. Ba ka ma buƙatar babba, tunda hoto 300 masu MB 4 kowanne GB 1.2 ne kacal. In za ka yi wa kati fomat, ka sani duk abin da ke ciki zai goge. Zuba hotunan a fili ko a folda ɗaya, domin wasu firam ba sa shiga folda cikin folda. In kana son su bi wani jeri, sa musu lamba a gaban suna: 001, 002, haka. Ka cire katin daga kwamfuta ta hanyar da ta dace, ka soka, ka zaɓe shi a matsayin tushen hotuna.

In mai Wi-Fi ne, haɗa shi da intanet ɗin gida. Da yawansu zangon 2.4 GHz kaɗai suke gani, saboda haka in sunan Wi-Fi ɗinka ya ƙi fitowa, duba ko rautar, wato na'urar da ke raba Wi-Fi a gidan, tana kan 5 GHz ne kawai. Da ya haɗu, bar shi ya sabunta manhajarsa kafin komai. Sannan ka sauke manhajar kamfanin a waya. Firam ɗin zai nuna wata lamba ko alamar QR, ka shigar a wayar, shi ke nan sun san juna. Tura hoto biyar tukuna ka ga yadda suka zauna, kafin ka tura sauran. A Frameo, yayin turawa ana ba ka wani ɗan da'ira ka ɗora a kan wurin da ya fi muhimmanci a hoton, don in za a yanke kada a taɓa nan. Ɗora shi a kan fuska.

Haka za ka ƙara sauran dangi, kowa da lambar gayyata. Lambar takan mutu bayan wasu awanni, in ta mutu sai a fitar da sabuwa. Ka ba waɗanda ka amince da su kaɗai, don duk wanda ya shiga yana iya sa hoto a tsakiyar falonka ba tare da ya tambaye ka ba. Ku yi yarjejeniya tun farko: kaɗan masu kyau, ban da saƙonnin gaisuwa da hotunan guruf. Firam mai imel kuma, in yana da jerin adireshin da aka yarda su aiko, kunna shi.

Wasu firam suna iya jawo hotuna kai tsaye daga kundin Google Photos ko iCloud. In za ka yi haka, kundi guda da ka tace za ka haɗa, ba ma'ajiyar gaba ɗaya ba. Kada kuma ka dogara da wannan hanyar ita kaɗai: a 2025 Google ya sauya ƙa'idar yadda manhajojin waje ke shiga Google Photos, wasu firam suka daina jawo sababbin hotuna da kansu.

Saiti

Yawancin firam suna zuwa ne da saurin daƙiƙa biyar ko goma a kowane hoto. Wannan ya yi sauri ƙwarai ga abin da zai wuni a ɗaki. Ido yana gajiya, hankalin mai hira yana rabuwa. Mayar da shi minti ɗaya zuwa biyar. Hoto yana buƙatar ya daɗe har wani ya ce "zo ka ga wannan", wanda aka kira kuma ya iso ya same shi. Salon sauyawa, zaɓi mai narkewa a hankali, ka kashe masu juyi da tsalle. Kunna gaurayawa domin kada kullum da safe a fara da hoto guda.

Tsakanin cika allo da nuna hoto cikakke, ga hoton taro zaɓi na biyu, ko da za a sami baƙin fili a gefe. Gara fili da a yanke wanda ke ƙarshen layi. Haske kuma rage shi har hoton ya yi kama da na takarda a hasken ɗakin. In firam ɗin na da na'urar auna haske, bar ta ta yi aikinta. Sa masa lokacin barci, misali daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe, ko ka kunna na'urar jin motsi in akwai, ya riƙa mutuwa in ba kowa. Wutar da yake ci kaɗan ce: wanda cajarsa ke ba da volt 5 da amfiya 2 ba zai wuce wat 10 ba, wato ko ya yi awa 12 kullum bai fi kilowat-awa 3.6 a wata ba. Bidiyo kuwa a taƙaita, a kuma kashe sautinsa, kada murya ta tashi a ɗaki ba zato.

Inda za a ajiye shi

Wurin da ake zama ko ake yawan wucewa, daidai tsayin idon wanda ke zaune. Kada ya fuskanci taga, ƙyalli zai rufe hoton, zafin rana kuma yana lalata allo. Nesa da murhu, tururi da danshi. Mafi yawan firam ba su da batir, dole a kusa da soket, don haka ka tanadi yadda za ka ɓoye wayar wutar, kuma kada ta rataya inda ƙaramin yaro zai ja. In wuta na yawan ɗaukewa ko tana hawa da sauka, sa masa abin kariya daga tsallen wuta, ka kuma gwada ka gani ko yana tashi da kansa in ta dawo ko sai an danna.

In kyauta za ka yi wa iyaye ko kakanni, gama komai kafin ka kai: zuba hotuna, saita barci, ƙara masu turawa. In ka isa, Wi-Fi ɗin gidan kawai za ka haɗa. Nuna musu abu biyu, yadda ake wucewa zuwa hoto na gaba da yadda ake kashewa, sauran kai za ka riƙa kula da su daga wayarka.

Bayan an fara

Ware lokaci sau ɗaya a wata ka ƙara sababbi goma ko ashirin, ka sauke waɗanda aka gaji da su. Allon a goge shi da busasshen ƙyalle mai laushi irin na tabarau. In da tabo, a ɗan jiƙa ƙyallen, ba a fesa ruwa a allon ba. In ya daskare, zare caja, jira rabin minti, ka mayar. In hoto ɗaya ne ya ƙi buɗewa, kusan kullum tsarin fayil ne ko girmansa.

Firam ba ma'ajiya ba ne. Kati yana lalacewa, kamfani yana iya rufe hidimarsa, kuma manhajoji da yawa suna rage girman hoto kafin su aika. Kada ka goge hoto daga waya don ka ga ya hau firam. Ajiye asalin a wuri biyu aƙalla, ɗaya a kwamfuta ko faifan ajiya na waje, ɗaya a intanet ko a gidan wani ɗan'uwa.

Ranar da za ka sayar da firam ɗin ko ka ba wani, cire katin, cire shi daga asusunka a manhaja, sannan ka mayar da shi saitin masana'anta, domin bayan hotunan, lambar sirrin Wi-Fi ɗin gidanka da jerin masu turo maka duk suna cikinsa.